Takabar da Babu Wanda Ya Ɗora Mata

Da sunan Allah, Mai saukar da cuta da maganinta. Na zaɓi in rubuta wannan da Hausa, in ajiye Faransancin da nake cin abinci da shi, domin a karanta wa matan gidanmu da na unguwarmu. Su ne suka yi ta tambayata a zaman makoki abin da ya kashe ƙanwata Habiba, ni kuwa ina ce musu kwana ne ya ƙare.

Kwana ya ƙare, babu shakka. Likita kuma ya ce tarin fuka ne, bai yi ƙarya ba. Amma tarin fuka ana warkewa daga gare shi a zamanin nan. Na ga waɗanda aka shigo da su ɗakin da ta kwanta a ɗauke, suka fita da ƙafafunsu. Abin da ya hana Habiba warkewa shi ne ta ƙi kwanciya a asibiti a lokacin da kwanciyar za ta amfane ta. Ta ƙi ne kuwa saboda tana yi wa mijin wata takaba.

Habiba ta yi aure sau ɗaya. Allah bai ba su haihuwa ba, auren ya mutu ba tare da hayaniya ba, ta dawo gidan mahaifinmu inda ƙanwarsa Goggo Ladi take zaune. Ta koyi bugun tafireta, ta samu aikin daktilo a wani biro, wato ofis, na gwamnati a nan Garuwa. A can ta haɗu da mutumin da ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya waɗanda ba su yi mini laifin komai ba. Zan kira shi Shef, wato shugaba, kamar yadda ake kiransa a biron. Matarsa ɗaya, Hajiya Dudu, 'yar babban gida, kuma kowa ya san mahaifinta ne ya ɗora shi a kujerar da yake kai.

Shekara tara farar motarsa tana tsayawa a kwanar teloli, nesa da ƙofar gidanmu, Habiba ta yafa gyale ta taka zuwa can. Na sani, irin sanin da ake yi a garin nan, wanda ido ke yi baki bai taya shi ba. Na yi mata magana. Ta kira ni yadda ake kiran yaya a gidanmu, ta ce, "Hamma, ya ce in ya samu ƙarin girma zai fuskanci surukinsa." Ƙarin girma ya zo har sau biyu, bai fuskanci kowa ba. A cikin shekarun nan wani ɗan kasuwa daga Marwa ya nemi aurenta, wani malamin makaranta abokina ma ya nema, duk ta sallame su da ladabi. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, addini bai rufe wa mutumin nan hanya ba. Goro da sadaki da shaidu kawai ake nema a gare shi. Ya duba ya ga kwanar teloli ta fi masa arha.

A farkon bazara ya fita rangadi wajen Rey Bouba, motar ta kife da shi. Rediyo ya karanta sanarwar rasuwarsa da tsakar rana, da Faransanci, sannan da Fulatanci. Washegari aka miƙa wa Habiba jawabin da za a karanta a taron ma'aikata ta buga, tun da ita ce daktilo. Da yatsunta ta buga cewa marigayin uba ne nagari kuma miji mai riƙon amana. Bayan haka matan biron suka haɗu suka tafi yi wa Hajiya Dudu gaisuwa, tana cikinsu. Ta durƙusa a gaban matar, ta ce ya haƙuri, ta yi addu'a, ta tashi ta ba wadda ke bayanta wuri. Ta dawo gida ta cire 'yan kunnenta. Babu wanda ya ce mata komai, domin babu sunan da za a kira abin da ya same ta.

Tarin ya fara a makonnin farko. Busasshen tari ne, mai zuwa da zazzaɓin yamma. Zafin Garuwa a wannan lokaci yana sa kowa ya rame ya daina cin abinci, don haka ban damu ba. Goggo ce ta fara yanke hukunci.

"Shawara ce," in ji ta. "Dubi idonta."

Na ce, "Goggo, idonta fari ne tas."

"To, dokta ya iso. Kai da ka je Faransa ka karanto tarihin matattun Turawa, yau kai za ka koya mini shawara? Na san shawara tun uwarka tana goyonka."

Aka jiƙa sassaƙe a tukunya, Habiba ta sha ba musu. Bappa Sale, ƙanen mahaifinmu, ya ce iska ce ta bakin Binuwai, domin an ga ta tsaya kan gada da almuru. Aka kawo rubutu, ta sha. Wata 'yar uwarmu ta ce sammu ne daga 'yan biro masu son kujerarta, aka yi turare har ɗakin ya koma kamar gidan gashin kifi, wanda kuwa shi ne abu na ƙarshe da ƙirji irin nata yake bukata. Duk abin da aka miƙo mata karɓa take yi. Na ɗauki wannan a matsayin son warkewa. Yanzu na gane ba ta damu da abin da ke shiga cikinta ba ne.

Da wata ya kusa cika ta daina zuwa aiki. Na ɗauko ta a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗina, zuwa asibiti. Wanda bai taɓa bin layin nan ba ya sani cewa ana zuwa ne daga sallar asuba, a zauna ƙarƙashin itatuwan nim tare da mutanen da suka kwana a hanya daga ƙauyuka, kuma inuwar takan gudu ta bar mutum kafin a kira shi. Da aka kira mu, infirmiyen, wato malamin asibitin, bai ɗaga kai ya dube ta ba. Ya ji kalmar zazzaɓi, ya ce sauro ne, ya rubuta kinin. A lokacin nan duk wanda jikinsa ya yi zafi a Garuwa sauro ne ya cije shi. Muka yi mako biyu a kan kinin, kunnenta yana ƙara, tarin yana nan.

Sai wata safiya Goggo ta aiko a kira ni daga lise inda nake koyarwa. Ta nuna mini ƙyallen da Habiba take tari a ciki. Jini ne. Daga ranar ba ta sake ambaton shawara ba.

Hoton ƙirji ya ci mana wasu makonni. Yau babu fim, gobe mai ɗauka ya tafi hutu, jibi babu wuta. Ina koyar da 'ya'yan manyan garin nan, kuma a ƙarshe sai da na je na tsaya a ƙofar mahaifin wani ɗalibina kafin aka ɗauki hoton. Na ji kunyar yin haka, na kuma ji kunyar waɗanda na tsallake a layi. Likitan da ya duba hoton saurayi ne daga kudu, mai jajayen idanu don gajiya. Ya ɗaga shi a taga, ya nuna mini wani farin gajimare a saman huhun dama. Ya ce tarin fuka ne, amma an zo da sauran lokaci. A kwantar da ita yau a ɓangaren masu tari, allurar istireptomisin kullum, ƙwayoyi, abinci mai kyau, hutu. Wata biyu ko uku, ya ce, za mu ga canji.

Na yi hamdala a fili. Habiba ta ce, "Allura zan zo in karɓa kullum. Amma ba zan kwana a nan ba."

Na zaci ƙyamar wurin take yi, kuma ban ga laifinta ba, domin ɗakin masu tari yana can ƙarshen asibitin kusa da inda ake ƙona shara. Na lallashe ta, likita ya yi faɗa, ta maimaita maganarta da murya ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye. Haka muka shiga jigila. Kullum da safe in baro Jambutu inda nake zaune, in ɗauko ta, mu bi layin allura cikin rana, in mayar da ita, in wuce aji a makare. Da ta daina iya riƙe ni a bayan mobilet sai muka koma taksi. Wasu ranakun asibiti ba shi da allurar, sai in ɗauki ordonans, takardar da likita ya rubuta maganin, in zaga farmasi. Albashina ya daina kai ni ƙarshen wata, matata Rabi ta sayar da keken ɗinkinta ba tare da ta shawarce ni ba, Allah Ya saka mata. Wasu ranakun kuma Habiba ba ta iya tashi, allurar ta wuce. A gida babu mai tsare ta ta ci abinci. Goggo ta tsufa, kuma tun da aka ji sunan cutar masu dubiya suka ragu. Waɗanda suka fi yawan ba da shawara su ne suka fara tsayawa daga bakin ƙofa suna gaisuwa da gefen gyale a hanci. Daga biro kuwa mutum ɗaya aka aiko, ya zo karɓar makullin durowar teburinta.

A duba na gaba likita ya ɗora ta a sikeli, ya dubi abin da ya nuna, ya juyo gare ni kamar ba ta wurin. Maganarsa ta zauna mini daram, don haka zan kawo ta yadda ya faɗe ta: "Monsieur, votre sœur se laisse partir." Wato ƙanwarka ta saki kanta, tafiya take yi. Habiba, wadda ta fi shi iya rubuta Faransanci, ta ce, "Ina jin ka, dokta." Bai ji kunya ba. Ya ce to tun da tana ji, ta sani huhu na biyu ya fara kamuwa.

Rabi ce ta buɗe mini ido, a hanyarmu ta komawa gida wata yamma. Ta kai wa Habiba sabon zane da sabulu mai ƙamshi, don mai jinya ta ji daɗin jikinta. Habiba ta mayar mata da su, ta ce a samo mata sabulun salo.

Rabi ta ce, "Malam, zan faɗi magana, kada ka yi fushi da ni. Ka ga kwalli a idonta tun ranar da aka binne mutumin nan?"

Na ce ban lura ba.

"Babu kwalli, babu lalle, babu turare. Zane ɗaya take ɗaurawa, in an wanke ta jira ya bushe. Ba ta ɗaga murya. Ta yarda ta fita da rana, amma rana ba ta faɗuwa sai tana ɗakinta." Ta ƙara da cewa, "Ni dai na ga Innata ta yi haka lokacin da Babanmu ya rasu."

Washegari bayan la'asar na shiga ɗakin Habiba na ce wa Goggo ta ba mu wuri. Tana kwance ta fuskanci bango. Na ce, "Habiba, takaba kike yi?"

Ta ce, "Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, Hamma. In na gama, ka kai ni duk inda kake so."

"Wa ya ɗora miki?"

"Babu."

"To da wane suna kike yi?"

Ta juyo. Fuskarta ta koma ido da ƙashi. Ta ce, "Shekara tara ban samu komai irin na matar aure ba. Ban taɓa ba shi abinci a gaban mutane ba. Ban taɓa tafiya gefensa da rana ba. Ko gawarsa ban gani ba. Wannan kaɗai ne abin da babu mai iya hana ni, tun da babu wanda ya san ina yi."

Na fita, domin abin da ke bakina ba na gaya wa mara lafiya ba ne.

Na yi tunanin in bi ta hanyar da ta shiga in fito da ita. Na je wurin wani modibbo a Jambutu, dattijo mai sanin fiƙihu, na yi masa tambaya biyu kamar a kan wasu mutane dabam. Ta farko, mai takaba in ciwo ya tsananta mata, za ta iya kwana a asibiti? Ya ce ƙwarai, lalura ce, rai yana gaba. Ta biyu, macen da ta yi tarayya da namiji ba da aure ba, ya mutu, akwai takaba a kanta? Ya ce, "Babu takaba a kanta, Malam. Tuba ce a kanta. Kuma in 'yar uwarka ce, ka tausasa mata, ƙofar tuba ba ta da mai gadi." Ban ce masa 'yar uwata ce ba, shi ma bai ƙara ba.

Na koma wa Habiba da amsar farko kaɗai. Na ce modibbo ya ce mai takaba mara lafiya tana iya kwana a asibiti, babu laifi a kanta. Ta yi wani ɗan murmushi, irin wanda take yi tun tana yarinya in ta kama ni ina magudi a wasan dara.

"Ka gaya masa ko wace ce ni?"

Na ce ban gaya masa ba.

"To ai fatawar matan aure ce ka kawo mini, Hamma. Su an ɗora musu, don haka ana iya sauƙaƙa musu. Ni wa zai sauƙaƙa mini abin da ba a ɗora mini ba?"

A nan haƙurina ya ƙare. Na gaya mata abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce mutumin nan ya samu shekara tara da zai aiko da goro gidan nan bai aiko ba. Na ce ya ci ƙuruciyarta, ya kori masu sonta da aure, ya koma gidansa kullum ya kwana da mutuncinsa cikakke. Na ce matarsa tana can ana kai mata abinci kwano-kwano, za ta fita takaba ta yi wanka ta yi aure, ita kuwa tana nan tana tofar da huhunta saboda wanda ko a ƙofar gidanmu bai yarda a ga motarsa ba. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Duk na sani. Na riga ka sani. Kana tsammani don ya cancanta nake yi? In ban yi ba, to shekara taran nan mene ne sunansu?"

Na yi tunanin in sa a ɗauke ta da ƙarfi. Bappa Sale ya ce ba za a ja 'yar gidan nan a titi tana kuka ba, kuma da zai san dalilin ƙin nata, da abin ya fi haka muni. Likita ya ce wanda aka kwantar da ƙarfi yakan gudu. Har yau ina auna wannan shawara, wata rana in ga na yi daidai da na bar ta, wata rana in ga tsoron bakin mutane ne na sa wa rigar girmama ra'ayinta.

Damina ta sauka, kogi ya cika, jiragen ruwa suka fara isowa tasha. Ranar da wata huɗu da kwana goma suka cika, Habiba ta sa Rabi ta dafa mata ruwa. Ta yi wanka da sabulun nan mai ƙamshi, ta ɗaura sabon zanen, ta sa kwalli har ya zarce gefen ido. Ta aiko a kira ni. Ta ce, "Na gama. Mu tafi." A ɗauke muka sa ta a taksi.

Likita ya sake ɗaga hoto a taga. Wannan karon bai nuna mini komai da yatsa ba. Ya ce za su yi abin da za su iya.

Dole in yi godiya a nan. Ɗakin matan masu tari yana hannun wata infirmiya, Madam Marta, Kirista daga duwatsun Mokolo, mai Hausar kasuwa da hannu mai sauƙi. Ita ce take juya Habiba in bayanta ya yi zafi, take ce mata, "Hajiya daktilo, buɗe baki, yau kunun ya sha suga, ba irin na jiya ba da ko akuya ta ƙi." Takan sa ta dariya har tari ya sarƙe ta. Rabi ta bar 'ya'yanmu wurin maƙwabta ta koma kwana a tabarma gefen gadon, ba ta taɓa rufe hanci ba. Goggo takan zo da rana da kwanon fura. Ƙorafi kuma yana nan: rufin ɗakin yana yoyo daidai kan gadaje, allura takan yanke, kuma akwai ma'aikatan da ba sa ganin mutum sai ya gaishe su da hannu a rufe.

Habiba ta so ta warke a wannan lokaci, wannan shi ne abin da ya fi zafi. Tana cin abin da aka ba ta, tana tambayar ko an ba wata kujerarta a biro. Ta roƙi Rabi ta riƙa karanta mata istigfari tana bi. Amma jikin ya riga ya yi nisa. Allurar kuma, da kinin ɗin da ta sha a banza, suka tafi da yawancin jinta. Sai an ɗaga murya sosai take ji.

Akwai abu ɗaya da na san ba ta samu ba, na kuma san tana jiransa ko da ba ta roƙa ba. Na yi kwanaki ina kokawa da shi. In na yi mata ta'aziyya, na shaida abin da Allah Ya haramta ke nan? In na hana ta, wa na taimaka? Mutumin da nake ƙi ne zan roƙa wa rahama da bakina? Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zo dubiya, na ga yadda numfashinta ya koma, na san lokacin muhawara ya wuce. Ɗakin cike yake da masu dubiya, Goggo tana zaune a ƙarshen gadon. Na sunkuya daidai kunnen Habiba, na ce a hankali, "Ya haƙuri?"

Ta ce, "Me ka ce, Hamma?"

Na so in yi ta a ɓoye, yadda aka yi komai na rayuwar nan tata. Kunnenta ya hana. Na miƙe, na ɗaga murya irin wadda nake koyarwa da ita a aji, na ce, "Habiba, ya haƙuri? Ya haƙurin rashin da kika yi? Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba ki dangana."

Goggo ta dube ni, ta dube ta, na ga abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Ta ja gyale ta rufe fuska, ta tashi ta fita. Habiba ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Haƙuri sai godiya. Amin, Hamma. Amin."

Sai wata tsohuwa Bafulatana da ke jinyar 'yarta a gado na kusa ta ce, "Ayya, ashe maigida ta rasa? Ba a gaya mana ba." Ta taso ta durƙusa gefen gadon, ta yi mata gaisuwa da Fulatanci da ƙarfi. Wata ta biyo ta, wata ma ta biyo. Matan da ba su san ta ba, masu jinya da masu dubiya, har da marasa lafiyar da ke iya tashi, suka yi layi. Madam Marta ta zo ƙarshe ta riƙe hannunta ta ce Allah Ya ba da haƙuri. Babu wanda ya tambayi sunan mamacin. Habiba tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana wanke kwallin. Ni da Rabi muka tsaya, ba mu gyara wa kowa fahimtarsa ba.

Ba ta kai wata Juma'ar ba. Ta cika da hantsi, Rabi tana riƙe da kanta, da kalmar shahada a bakinta. Goggo ba ta yi mini magana ba har aka yi sadakar bakwai, kuma abin da ta fara ce mini shi ne, "Ka tona mata asiri a gaban bare." Wataƙila gaskiyarta ne.

Na zauna a zauren gidanmu ina karɓar gaisuwa. Waɗanda suka tsaya daga bakin ƙofa tana raye, yanzu suka shigo har tabarma. A rana ta uku aka ce wata baƙuwa da ta fito daga wurin mata tana son gaishe ni. Na fita ƙofar gida na tarar da mace cikin babban mayafi, da sabon lalle a hannu, domin ta yi aure bayan fitarta takaba. Hajiya Dudu ce. Ta yi mini gaisuwa yadda ake yi, na amsa yadda ake amsawa. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

Ta ce, "Ranar da Habiba ta zo mini gaisuwa, na san ko wace ce ita. Na so in mayar mata da gaisuwar, amma ɗakin cike yake da dangina." Ta gyara mayafinta. "Mu biyu ya yi wa ƙarya, Malam. Ni dai an shimfiɗa mini tabarmar makoki."

Ga abin da nake so a ɗauka daga wannan. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti, a nace sai an ɗauki hoto, kada a tsaya ga kinin da sassaƙe. In likita ya ce a kwanta, a kwanta. In mara lafiya ya ƙi abin da zai cece shi, a nemi dalilin tun da wuri, domin akwai dalili. Ga 'yan mata da zawarawa kuma: namijin da yake tsayar da motarsa a kwana ya riga ya gaya muku matsayinku, ko da bakinsa yana faɗin wani abu. Ranar da ya mutu za a karanta masa jawabi, wataƙila ma ku za a ba ku buga.

Hotonsa yana rataye a biron har yanzu, an ce mini, a saman teburin sabuwar daktilo. Ina yi wa Habiba addu'a bayan kowace salla, Allah Ya karɓi tubarta, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Shi kuwa sau ɗaya na roƙa masa rahama, a ɗakin nan, da ƙarfi, don ta ji. Ban sake ba. Na gwada, harshena ya ƙi, kuma na san wannan ma za a tambaye ni.